Su Wa Ake Yi Wa Dariya a Bidiyon Waƙoƙinmu?

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Malamanmu na adabi sun koya mana yadda za mu zauna da waƙa mu feɗe ta, mu fito da jigonta da salonta da zubinta da amsa-amonta, kuma duk wannan aiki da kunne da alƙalami ake yin sa. To, amma waƙar da ƙannenmu suka tashi da ita a yau ba ta tsaya a kunne ba. Takan zo ne da hoto, a wayar hannu ko a akwatin talabijin, sau da yawa kuwa hoton nan yakan faɗi maganar da mawaƙin bai furta ba ko a ɗango guda. Abin da nake so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a kai shi ne wannan magana ta biyu wadda ido yake ɗauka, watau wa aka nuna, a wace kama aka nuna shi, wa kuma aka bari a waje. Ra'ayina, gara in faɗe shi tun da wuri, shi ne mudun da muke auna bidiyon waƙa da shi a ƙasar Hausa bai cika ba. Yana auna tufafin mace ƙwarai da gaske, amma ba ya auna wulaƙancin da ake yi wa mutanen da ba su da bakin ramawa.

Bari in fara da inda aka taɓa mu, domin nan ne kowa ya fi tunawa. A watan Mayu na 2018 mawaƙin nan na Legas, Falz, ya fitar da bidiyon waƙarsa mai suna This Is Nigeria, wanda ya ɗora bisa tsarin wani bidiyo na mawaƙin Amurka Childish Gambino. A ciki an nuna wani mutum da shigar Fulani yana kiɗa, sai ya ajiye abin kiɗan ya ɗauki adda ya nufi wani da sara. An kuma nuna 'yan mata sanye da hijabi suna rawar da ake yayi a lokacin. Mawaƙin ya ce nufinsa da su a tuna da 'yan matan Chibok waɗanda aka sace a 2014. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta ba shi kwana bakwai ya janye bidiyon. Shekara biyar bayan haka, a watan Yuli na 2023, Davido ya yaɗa wani guntun bidiyo na yaronsa Logos Olori, inda aka nuna maza da fararen jallabiyoyi sun idar da salla sun ɓarke da rawa, mawaƙin kuwa yana bisa wani gini mai kama da masallaci. Jama'a suka yi ca, har ya cire shi.

Ba na ganin laifin wanda ransa ya ɓaci. Ko da an karɓi hujjar Falz cewa ya yi ne don ya tona asirin ɓarnar da ke ƙasa, kuma lalle ya taɓo 'yan sanda da malaman coci da 'yan siyasa duk a ciki, akwai bambanci tsakanin nuna ɗan sanda yana karɓar na goro da nuna Bafillace yana sara. Aikin ɗan sanda riga ce, ana iya tuɓe ta. Fulatanci kuwa da shi aka haifi mutum. Wanda ya kalli bidiyon nan a Fatakwal, bai taɓa zama da Bafillace ba, bai san malami ko alƙali ko mai tallar nono daga cikinsu ba, abin da zai tashi da shi ke nan: malfa da sanda, sai adda. Haka nan kuma duk wanda ya saba kallon fina-finai da wasannin ban dariya na Kudu ya san irin gurbin da ake ajiye wa ɗan Arewa, watau mai gadi a bakin ƙofa, da rediyo a kunne, da Turanci a karye. Kalmar "aboki", wadda take kalmar girmamawa ce a bakinmu, ta koma abin reni a bakin wasu. Mun san zafin wannan, mun kuma iya bayyana shi da hujjoji masu kyau.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata rana a ɗakin kwananmu na ɗalibai muna zaune mu kamar shida, wani ya buɗe mana bidiyon wata waƙar barkwanci a wayarsa. An sa wa wani ɗan wasa tsumma, an shafa masa baƙi a fuska, an ɗora masa kaya a kafaɗa, yana ta kwaɓa Hausa, yana mai da namiji mace da mace namiji, 'yan amshi suna yi masa ature. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. A cikinmu akwai wani abokin karatunmu ɗan wajen Minna, wanda yake jin Hausa fiye da yawancinmu, har shi ne yakan warware mana abin da ya shige mana duhu a darasin tsarin sauti. Bai ce uffan ba. Da aka gama ya tambaye mu, cikin murmushi, ko mun taɓa ganin bidiyon waƙar Hausa guda ɗaya wadda aka nuna Bagwari a cikinta yana sanye da riga mai kyau. Muka yi tsit, muna ta lalube, ba mu samo ba.

Mu da muke nazarin harshe ya kamata mu fi kowa gane tushen abin. Mutanen nan Gbagyi suke kiran kansu, mu ne muka ce musu Gwari, sa'an nan muka ɗauki sunan muka ƙera kalmar "gwaranci", muna nufin maganar da ba ta fita, irin ta yaron da yake koyon baki. Mutanen da aka gina babban birnin tarayya a bisa ƙasarsu, waɗanda tun kaka da kakanni suke ciyar da kasuwanninmu da doya da kayan miya, sunansu ya zama mana ma'aunin rashin iya magana. Abin da bidiyo ya yi shi ne ya ɗauki wannan reni da yake kwance a cikin harshe ya yi masa fuska da tufafi. Ba kuma Gwari kaɗai ba. Bafillacen daji a bidiyonmu wawa ne wanda bai san mota ba, Inyamuri mayen kuɗi ne, Bayarabe sarkin hayaniya, Bamaguje mashayin burkutu, baƙauye kuwa ko Bahaushe ne bai tsira ba. Har akwai 'yan wasan da suka yi suna da wannan fanni kaɗai, kamar Baban Chinedu, wanda jama'a suka san shi da kwaikwayon Hausar Inyamurai a fina-finai da waƙoƙi. Ba ina zargin mutum guda ba ne, gama abin da kasuwa take saye shi ake kai mata, mu ne kuwa kasuwar.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini shi a bakin aji: ai wasa ne, kuma Bahaushe ya gaji barkwanci. Gaskiya ne. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarabawa, da Katsinawa da Nufawa, kuma wasan nan ya kashe wutar fitina ba sau ɗaya ba. Amma a duba sharaɗinsa. Barkwanci na gargajiya ido da ido ake yin sa, tsakanin mutum biyu waɗanda kowannensu ya san yana da izinin ramawa. In Babarbare ya ce Bafillace bawansa ne, nan take Bafillacen zai mayar masa da wadda ta fi ta, a yi dariya a watse, ba wanda ya tafi da ciwo. A bidiyo fa? Mai kuɗin shiri Bahaushe, mai ɗaukar hoto Bahaushe, wanda ya sa rigar Bagwarin ma Bahaushe ne, shi kuwa Bagwari na gaskiya ba a ko gayyace shi ba. Ba shi da inda zai tsaya ya rama. Wasan da gefe guda ne kaɗai yake jifa, ni ban san sunan da za a ba shi ba in ba ature ba.

Mu juya wajen mata, inda hukuma da jama'a suka fi sa ido. Tun da waƙa da rawa suka zauna daram a fina-finan Hausa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, bisa tasirin fina-finan Indiya wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kai, an raba mace gida biyu. Akwai mai murya, akwai mai fuska. Mawaƙa irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba da Fantimoti sun rera waƙoƙin da suka cika gidajen biki da motocin haya, amma shekara da shekaru fuskar da mai kallo yake gani tana motsa baki ta wata ce daban. Fuskar da ake zaɓa kuwa kusan kullum iri ɗaya ce: yarinya ɗanya, siririya, fara. In ba fara ba ce, fitila da na'ura za su mai da ita fara, in kuma tana so ta daɗe a sana'ar ta san man da za ta nema. Duk wanda yake da ƙanne mata a gida ya ga abin da wannan yake yi musu a gaban madubi. A gwada wannan da Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013. Ita takan zauna ne a tsakiyar matanta da ƙoren amada, muryarta da fuskarta da maganarta duk nata ne, tana yi wa mata waƙa a kan sana'a da kishi da haihuwa. A yawancin bidiyon soyayya na zamani kuwa aikin mace shi ne ta yi murmushi, ta juya, ta gudu a bi ta a cikin lambu.

Sa'ad da hukunci ya tashi kuma, a kan jikin macen nan yake sauka. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. Laifin da aka kama shi da shi a gaban kotu shi ne fitar da shi ba tare da tacewa ba, amma abin da ya tayar da ƙura a gari shiga da rawar matan da ke ciki ne. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda ta fito a bidiyon wata waƙa ta ClassiQ suna riƙe hannu da runguma. Ta nemi gafara, sai a 2018 aka ɗage mata. Za a ce ai shi mawaƙin ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba su da iko a kansa. Na yarda. Amma bidiyo ba mutum biyu suke yin sa ba, akwai wanda ya tsara fitowar, da wanda ya ba da umarni, da wanda ya zuba kuɗi, sunan mace guda kuwa shi ne ya zaga duniya. Ba ina cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama ba ne. Al'umma tana da haƙƙin tsare kunyarta, ni ma ɗanta ne. Tambayata ita ce, addinin da ya umarce mu da suturta jiki, ba shi ne ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili ba? Me ya sa muka riƙe umarni guda da hannu biyu, muka saki ɗayan?

Akwai kuma waɗanda ake shigo da su bidiyo don su zama kayan ado. Wada ana kawo shi ne don a yi dariyar tsawonsa, mai in'ina don a kwaikwayi bakinsa, mai taɓin hankali don yara su bi shi. A waƙoƙin siyasa da na yabon masu kuɗi kuwa sai a tara guragu da makafi da almajirai a jere, a nuna gwanin mawaƙin yana miƙa musu buhun shinkafa, kyamara ta tsaya a kan fuskarsa, su kuwa hannuwansu kaɗai ake bukata. Alhali adabinmu ya san wata hanya. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ya yi waƙar Karen Mota ya ɗauki mutumin da kowa yake reni ya sa shi a tsakiyar waƙa, ya sa muka dube shi a matsayin mutum mai wahala da buri. Aliyu Namangi makaho ne, Imfirajinsa kuwa har gobe muna rubuta jarrabawa a kansa a wannan sashe. A zamaninmu ma ga Yahaya Makaho na Kaduna, wanda yake fitowa a bidiyon waƙoƙinsa da kansa, cikin shiga ta mutunci, shi ne mai magana, ba wanda ake nunawa da yatsa ba.

Roƙona ga sashenmu ƙarami ne. Kundayen digiri na farko da muke rubutawa a kan mawaƙan zamani kusan duk tsari guda suke bi: tarihin mawaƙi, jigo, salo, sai rataye na matanin waƙoƙi. Mukan juye kalmomin a takarda mu zubar da hoton, kamar wanda ya tatsi nono ya kori saniyar. Ina ganin lokaci ya yi da malamanmu za su yarda ɗalibi ya ɗauki bidiyon waƙa ashirin ko talatin na shekara guda, ya zauna ya ƙirga: mata nawa, baƙaƙe nawa a cikinsu, wa ya yi magana, wa aka yi wa dariya, ɗan wace ƙabila ne ya fito a matsayin maigida, ɗan wace ce ya fito a matsayin bara. Ni dai na riga na kai wa malamin da yake duba ni wannan take, abokin nan nawa ɗan wajen Minna kuma ya yi alkawarin zai zauna mu yi ƙirgar tare.