Gwiwar Gwaggo, Jirgin Indiya, Da Tambayar Da Muke Jin Nauyin Yi Wa Namu

Yau ba maganar taro ko rabon muƙamai na zo da ita ba, maganar gwiwa ce. Na kuma san kafin in kai ƙarshe wani zai ce na fara shirin sauya sheƙa. To, a karanta tukuna.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta haura shekara sittin da biyar, kuma ta daɗe tana fama da gwiwar dama. Aka fara da man zafi, aka koma allura, aka koma dogara sanda. Ranar da ta fara yin sallah a kan kujera kuka ta yi, wai ita da ta saba tsayuwar tahajjud yau ga ta kamar baƙuwa a kan dardumarta. Hoton ƙashi ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Likita ya ce magani ya gama nasa, sai dai a canza gwiwar.

Muka zauna taron iyali. Wallahi a cikinmu babu wanda ya ambaci Asibitin Ƙashi na Dala, har da ni ɗin nan da nake zuba muku bayani kullum a kan kishin ƙasa. Asibitin nan yana Kano tun 1959, ana yin wannan aiki a cikinsa, ga irinsa a Igbobi ta Legas da kuma Enugu. Amma mu Indiya kawai muka sa a gaba, don wani dillalin asibiti ya turo mana takarda ta WhatsApp mai hotunan gini da likitoci suna murmushi. Mun fara lissafi a tsakiyar 2023 dala tana naira ɗari bakwai da wani abu a wajen 'yan canji. Kafin kuɗi su haɗu biza ta fito, a farkon 2024, ta haura naira 1,500. Fulotin da mijinta ya bar mata shi ya cike giɓin.

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Ni na raka ta, kuma ba zan ɓata wa mutanen can suna ba. Cikin awa biyu aka fito da ita. Abin da ake yi shi ne a shafe bakin ƙashin cinya da na ƙwauri inda suka lalace, a sa musu murfi na ƙarfe, a sa wata roba mai ƙarfi a tsakani ta maye gurbin guringuntsi. Washegari aka miƙar da ita tsaye, ta yi 'yan taku tana riƙe da ƙarfen dogarawa. Na ɗauki bidiyo na tura gida, aka yi ta guɗa.

Abin da dillali bai faɗa mana ba shi ne, tiyatar ita ce mai sauƙin. Sabuwar gwiwa sai an yi mata gashi da motsa jiki kusan kullum na tsawon makonni shida zuwa goma sha biyu, in ba haka ba ta sandare, ta ƙi lanƙwasuwa yadda ake so. Mu kuwa kuɗin masauki da abinci na cin mu, sai muka tattaro bayan mako uku. Ga zaman jirgi na sa'o'i masu yawa, da yada zango a Addis Ababa, ga wanda aka yi wa aikin ƙafa yana cikin haɗarin daskarewar jini a jijiya. Allah Ya tsare, muka sauka Kano lafiya.

Daga nan ne lissafi ya fito fili. Masan gidanta na tsugunno ne, sai da aka fasa aka sa na zama. Mai gashin ƙashi da muka samu yana zuwa sau biyu a mako, in ya samu sarari. Wata guda da dawowa bakin ɗinkin ya yi ja, ya fara ruwa, ga zazzaɓi da dare. Na kira lambar can, aka ce a turo hoto, na tura, aka ce a ga likita mafi kusa. Dillali kuma wayarsa ta daina shiga. Likita mafi kusa fa shi ne wanda muka tsallake tun farko. Bawan Allah nan bai yi mana gori ba. Ya dai tambaye mu takardar da ke nuna irin ƙarfen da aka sa mata da kamfanin da ya ƙera shi, muka yi ta zazzage jaka kafin a gano ta a cikin rasitai. Ya ce mun taki sa'a cutar a fata ta tsaya. Da ta kai ga ƙarfen, sai an sake buɗewa, wataƙila ma a cire a sa wani, kuma wannan ya fi aikin farko wahala da tsada.

To kun ga inda na dosa. Kana iya sayen tiyata a Delhi ko Alƙahira ko Dubai, amma jinya a gida za ka yi ta. Gwiwar roba kan kai shekara goma sha biyar zuwa ashirin, wani lokaci fiye, kuma duk tsawon wannan zamani likitan garinku ne zai riƙa duba ta. Wanda ya ce ya tsere wa asibitin gida don ya hau jirgi, kansa yake yaudara.

Ban ce mai kuɗinsa kada ya fita ba. Lafiya tasa ce, aljihu nasa ne. Kuma mutane ba haka kawai suke gudu ba: an ga yajin aiki, an ga ɗauke wuta, an ga jiran layi, ga likitocinmu da ma'aikatan jinya suna ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Ko a gida ma aikin ba arha ba ne, tunda ƙarfen daga waje ake shigo da shi, da dala. Abin da nake cewa shi ne waɗannan matsaloli suna da masu su, kuma masu su ɗin su ne muke yi wa tafi.

Mu duba tarihi mana, ba tare da kallon tuta ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya jinya a watan Nuwamban 2009, bai dawo ba sai Fabrairun 2010. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi sama da kwana ɗari a Landan a tafiya ɗaya cikin 2017, kuma a can Allah Ya yi masa rasuwa a Yulin 2025. Allah Ya jiƙansu. Bola Tinubu, tun kafin ya hau mulki, a ƙasar waje aka yi masa aikin gwiwa a 2021, ya yi kusan wata uku a can yana gashi. Ku lura da wata ukun nan fa. Shi yana da halin zama har ƙafa ta warke, Gwaggo mako uku ta iya. A ɗaya ɓangaren, Yemi Osinbajo yana mataimakin shugaban ƙasa aka yi masa aikin ƙashin cinya a wani asibiti a Legas cikin Yulin 2022, ya tashi ya ci gaba da harkokinsa. Ashe dai ana iyawa.

Kuma ba doka ce babu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 46, ta hana a ɗauki kuɗin gwamnati a kai jami'i jinya waje, sai in kwamitin likitoci ya ba da shawara, minista ko kwamishina ya amince. A Abuja ɗin nan tamu shugabannin Afirka suka taru a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Kowace jam'iyya da ta riƙe Abuja tana da kaso a wannan abin kunya.

Mu kuma magoya baya me muke yi? In na wancan ɓangaren ya fita jinya, mu cika Facebook da habaici. In namu ne, sai mu yi fosta da addu'a, mu yi hayar bas zuwa filin jirgi tarbo. Ni ma na je irin wannan tarbo, na sha rana, na dawo gida na tarar da Gwaggo na jiran mai gashi da bai zo ba.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma daga namu za mu fara, tunda su ne ke jin maganarmu. Duk wanda ya zo neman tikiti ko ƙuri'a a taron mazaɓa, a tambaye shi a ina ya ga likita na ƙarshe. In ya taɓa riƙe muƙami, wa ya biya kuɗin? A tambaye shi likitocin ƙashi nawa ne a asibitocin jiharmu, kuma babban asibitin ƙaramar hukumarsa yana da sashen gashin ƙashi mai aiki ko ɗaki ne kawai da allo a ƙofa. A tambaye shi ko inshorar lafiya ta jiha za ta ɗauki wani abu daga kuɗin irin wannan aiki ga tsoho mai fansho. In ya ce zai duba, a sa masa rana. Wannan ba cin mutunci ba ne, kuma ba zagon ƙasa ba ne. Wanda ya amsa da kyau, mu ne za mu fi kowa yayata shi.

Gwaggo yanzu tana tafiya ba sanda, alhamdulillahi, amma sujada a ƙasa ta gagara, har yanzu a kujera take sallah. Makon jiya ta ce min gwiwar hagu ta fara irin kukan da ta dama ta yi. Na karɓo mata kati, ranar Talata za mu je Dala. Fuloti dai babu saura.