RA'AYINMU: Maigida a Nan, Iyali a Can



Duk dattijon da yake zama a gaba ran Lahadi, a Kaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, ya riga ya ga abin da za mu faɗa. Bencin maza bai ragu sosai ba, amma gefen mata ya yi fili, yaran Makarantar Lahadi kuma tabarma ɗaya ta ishe su. Ba ja da baya suka yi ba. Mazan ne suka kwashe iyali zuwa Gusau, ko Zuru, ko Zariya, ko garuruwansu na asali a kudancin Kaduna da Filato, su kuwa suka zauna saboda aikin gwamnati ko shago.

Ba mu ga laifin kowa ba. A Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe. A Satumbar shekarar aka ɗauke ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantu. Uban da ya ga wannan ya nisantar da 'ya'yansa, aikin uba ya yi. Maƙwabtanmu Musulmi ma da yawa haka suka yi, gama masifar ba ta bar gidan kowa ba.

Damuwarmu ita ce, rabuwar da aka ce ta wata uku ce ta zama ta shekaru, ba kuwa wanda ya zauna ya tsara yadda auren zai rayu a cikinta. Yaro ya san ubansa a murya ta waya da kuɗin makaranta. Matar tana can tsakanin dangin miji, ita ce uwa, ita ce uba, in yaro ya lalace kuma ita za a zarga. Mijin yana nan shi kaɗai a ɗaki, ba mai tambayarsa inda ya kwana. Mu fastoci mun san irin maganganun da suke zuwa gaban majalisar dattawa daga irin wannan zama, ba sai mun ambata ba. Ku tuna lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, makonni da yawa ba kira ba saƙo. Gidan da waya kaɗai ta riƙe shi, a lokacin ya gane ba abin da ya riƙe shi.

Littafi Mai Tsarki ya san 'yan gudun hijira. A Ayyukan Manzanni sura 18, Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, Akila da matarsa Bilkisu suka sauka a Koranti suna ɗinkin alfarwa. Daga nan suka tafi Afisa, daga baya suka koma Roma. Sau 6 Sabon Alkawari ya ambace su, ba a taɓa kiran ɗaya ba tare da ɗayan ba, a Afisa da Roma kuma ikkilisiya a gidansu take taruwa. Sun rasa gari, amma sana'a ɗaya, addu'a ɗaya. Ba muna cewa kowa ya dawo da iyalinsa bakin daji ba, Allah ya kiyaye. Amma Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa sura 7, da ya yarda ma'aurata su nisanci juna, ya sa sharaɗi: da yardar su biyu, na ɗan lokaci, domin addu'a, su kuma sake haɗuwa. Nawa ne cikinmu suka nemi yardar matar kafin a sa ta a mota? Nawa ne suka sa rana?

Saboda haka maigida, ka sa lokacin sujadar iyali ko ta waya ce, ka karanta aya, yaro ya yi addu'a kana ji. In layi ya yanke, kowa ya san nassin da ɗan'uwansa yake karantawa a wannan sa'a. In kana da halin neman canjin wurin aiki, ka nema, ko da albashin zai ragu.

Dattawa, nauyin da ya fi girma naku ne. Iyalai da yawa sun tafi ba takardar shaida daga ikkilisiya, suna can ba faston da ya san da su, mu kuma mun daina lissafa su. A zaman majalisa na wannan wata, a rubuta sunan kowane gida da ya rabu, da garin da iyalin suke. A aika wa faston wurin da shugabar Zumuntar Mata takarda. Mazan da suka rage a nan kuma, a raba su tsakanin dattawa, kowane ɗaya ya sami gidan da zai ci tuwon dare ko sau ɗaya a mako.