Jakar hannu ta ishi matafiyi

'Yan'uwa, mun sha raka masu tafiya Umara ko karatu zuwa filin jirgin Ikeja da akwati uku, rabi saƙon mutane ne. A ganinmu, ko wata shida za a yi, jakar hannu ta isa. Kamfanonin jirgi da yawa kilo 7 suke bari: tufafi kala uku, magani, caja, takardu. Kwalbar turare kada ta wuce mililita 100. Sabulu akwai shi a can, a wanke a maimaita.

Barin kilishi da yaji akwai ciwo, mun sani. Amma mai ƙaramar jaka ya samu hujjar ƙin karɓar ƙullin da bai san cikinsa ba, kuma a Saudiyya safarar ƙwaya tana kai mutum ga hukuncin kisa.