Ra'ayinmu: Kunama Mai Laushi a Hannun Mai Tsoro

Kowace shekara idan kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, maganar tsaron gida takan taso a Kwandiko da sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu. Ba mu ga laifin masu wannan damuwa ba. Mutanen yankin ba su manta da harin da 'yan bindiga suka kai wa ofishin 'yan sanda na Gwaram a 2014 ba, ga kuma ɓarayin shanu da na awaki. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne gardamar da muke ji a bakin matasanmu bayan an tashi daga sujada, wato wace irin ƙaramar bindiga ta fi dacewa a ajiye a ɗaka, mai kunama mai laushi ko mai tauri.

Bari mu fara da abin da gardamar take nufi. Akwai bindigar da sai an ɗana ta da babban yatsa tukuna, daga nan ɗan taɓa kunama kaɗan ya isa ta tashi. Haka bindigar toka ta mafarautanmu take. Akwai kuma wadda jan kunama ɗaya ne yake ɗana ta ya kuma sake ta, saboda haka kunamarta takan yi tauri. A libarba, jan irin wannan kunama yakan kai nauyin kimanin kilo 5, amma idan an riga an ɗana ta bai fi kilo 2 ba. Masu gasar harbi a Amurka da Turai sun fi son mai laushi, domin hannu ba ya karkacewa daga saiti. Amma su da rana suke harbi, a filin da aka keɓe, kuma takarda suke harba.

Gida da tsakar dare ba haka yake ba. Mutum ya farka a firgice, ya ji motsi a bakin zaure, hannunsa na rawa. A wannan hali kunama mai laushi ba ta jiran shawarar mai ita. Wanda ke tsaye a duhu yana iya zama ɓarawo, yana kuma iya zama ɗansa da ya dawo daga hira, ko maƙwabci da ya zo neman taimako domin matarsa na naƙuda. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, to harsashi ya fi ta, ba a mayar da shi. Kunama mai tauri ma ba ta raba mutum da wannan haɗari, domin ba ta da ido.

Na biyu, dokar ƙasa. Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Fistul da libarba suna cikin waɗanda aka haramta, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani tana bukatar lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuwa na Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba, ko duka biyu, ga wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ke nan saurayin da ya sayi fistul a ɓoye wai don ya kare iyalinsa, yana iya barin iyalin nan shekara 10 ba mai ciyar da su. Manzo Bulus, a Romawa sura 13, ya umarce mu da yi wa mahukunta biyayya, ya kuma nuna cewa a hannunsu takobin hukunci yake.

Ba muna cewa mai bi ya kwanta ƙofa a buɗe ba ne. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana sa'ad da ake gina garun Urushalima. Amma tsaron na jama'a ne, da shugaba da tsari. Bitrus kuwa shi kaɗai ya yanke shawara, ya zare takobi a lambu da dare ya sare kunnen Malkus, Ubangijinmu ya tsawata masa, ya kuma warkar da kunnen.

Saboda haka muna kira ga dattawan ikilisiya su zauna da masu unguwanni da dagatai, tare da maƙwabtanmu Musulmi, domin ɓarawo ba ya tambayar addinin mai akuya. A tsara sintiri da sanin 'yan sanda. A gyara ƙofofi da dangogi, a tanadi tocila da usur, kowane gida ya riƙe lambar wayar maƙwabcinsa. Mafarautan da ke cikinmu su tabbata suna da lasisi, kada su ajiye bindiga a ɗure ko a ɗane a cikin ɗaki, su kuma ɓoye albarushi inda yara ba za su kai ba.

Ku kuma matasa, wanda ya riga ya mallaki irin wannan makami ba da izini ba, ya je wurin fastonsa ko wani dattijo su raka shi ya miƙa wa hukuma tun kafin ya jawo wa gidansu kuka.

Allah ya tsare gidajenmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.