FAGEN ILMI: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara, idan jarrabawar shiga Kwalejojin Gwamnatin Tarayya ta ƙarato, akan ga malaman aji shida a Nguru da Gashuwa sun duƙufa wajen sa yara haddace tsofaffin tambayoyi. Jarrabawar nan, wadda hukumar NECO take shiryawa, tana da sashe na gwada sanin kalmomi, inda akan ce yaro ya kawo kishiyar kalma, ko mai ma'ana irin tata, ko kuwa ya fid da bare daga cikin jerin kalmomi. Duka kuwa da Turanci ake yi.

To, hadda ba ta fid da yaro a nan. Yaron Gashuwa yakan tashi da Badanci da Hausa, na Nguru kuma da Manganci ko Fulatanci haɗe da Hausar. Wanda ya riƙe harshe biyu tun bai shiga firamare ba, ai ba a ce masa daƙiƙi. Abin da ya rasa kalmomin Turanci ne, domin ba ya jin su a gida, ba ya jin su a kasuwa.

Maganin abin shi ne a soma tun daga aji huɗu, kuma daga abin da idon yaro ya saba gani: kogi da kwalekwale da taru, ko tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Misali, kalmar "bank" tana nufin banki, tana kuma nufin gaɓar kogi. Yaron da aka nuna wa haka a bakin Kogin Yobe da wuya ya manta, irin wannan tarko kuwa shi masu jarrabawa suke ɗanawa.

Idan malami ya ba da kalma biyar kullum, kowace da kishiyarta da jimla guda, a makonni 36 an sami 900, a shekara uku 2,700. Ƙaramin littafin rubutu da ƙamus ɗaya a aji sun wadatar. Iyaye ma, ko da ba su yi boko ba, suna iya sa yaro ya karanto musu kalmominsa da magariba, ya fassara.

Tun 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa. Abin takaici ne a ce ga ta a ƙofar gida, amma 'ya'yan gari sun tuntsure tun a matakin farko. Allah Ya sa masu abin su farga.