Gidajen filin golf a Dubai: Lissafin da dillalai ba sa yi wa ma'aikatan Abuja

Tun da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta janye takunkumin biza da ta ƙaƙaba wa 'yan Najeriya a watan Yulin 2024, jiragen Emirates kuma suka dawo Legas a watan Oktoban shekarar, dillalan gidajen Dubai suka sake baje koli a Abuja. Cikin hajar da suke tallatawa har da gidajen da ba a kammala ginawa ba, a unguwannin da aka tsara kewaye da filin wasan golf, irin su Dubai Hills Estate na kamfanin Emaar, da DAMAC Hills, da Jumeirah Golf Estates.

Tayin yana da daɗin ji. Mai saye zai ba da kafin alƙalami, ya riƙa biyan sauran kashi-kashi yayin da gini ke tashi. Idan darajar gidan ta kai dirhami miliyan 2, yana iya neman izinin zama na shekara 10. Sai dai dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 kan kowace dala ɗaya, shi kuwa ma'aikaci da naira ake biyansa. Wanda ya sa hannu a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, ya wayi gari a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Bashinsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara ko bulo ɗaya a gidan ba. A wannan farashi, dirhami miliyan 2 ya haura naira miliyan 800, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

Dokar Dubai ta 2007 ta wajabta a zuba kuɗin masu saye cikin asusun amana na aikin, kuma wannan kariya ce ta gaske. Amma ba ta hana jinkiri, ba ta kuma hana farashi faɗuwa, kamar yadda ya zube da kusan rabi bayan rikicin tattalin arzikin 2008. Unguwar golf da aka sanar a 2006 da sunan Tiger Woods an jingine ta a 2011. Akwai kuma kashi 4 cikin 100 na kuɗin rajista, da kuɗin kula da unguwa da ake biya kowace shekara. Raya ciyawa a hamada ba araha ba ne, ko da mai gida bai taɓa riƙe sandar golf ba.

Ga ma'aikacin gwamnati, babban ƙalubalen yana gida. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tilasta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da kuma lokacin barin aiki. Duk kadarar da ba za a iya danganta ta da albashi ko rance ko kyautar da doka ta amince da ita ba, ana ɗaukar ta a matsayin saɓa doka har sai mai ita ya kare kansa. Ministoci da gwamnoni da 'yan majalisa kuwa an haramta musu buɗe asusun banki a waje ɗungurungum. Mallakar gida a ƙetare ba laifi ba ne. Tambayar da za a yi ita ce daga ina kuɗin suka fito, kuma ta wace hanya suka bar ƙasa.

Sirrin da ake zaton Dubai na riƙewa ya daɗe da fashewa. A 2020 Matthew Page ya wallafa wa cibiyar Carnegie binciken da ya alaƙanta gidaje 800, masu darajar fiye da dala miliyan 400, da 'yan siyasar Najeriya da makusantansu. A watan Mayun 2024 binciken Dubai Unlocked ya sake bankaɗo wasu sunaye. Ƙasashen biyu kuma sun ƙulla yarjejeniyar taimakon juna a harkar shari'a tun 2016.

Wanda ya fi kowa shiga tsaka-mai-wuya shi ne hadimi. Idan maigida ya nemi ya ara masa sunansa a takardar saye, ba kasafai yake iya cewa a'a ba, domin kujerarsa a hannun maigidan take. Amma sunansa ne zai zauna a rajistar hukumar filaye ta Dubai, shi kamfani zai bi idan biya ya tsaya, shi ne kuma EFCC za ta fara gayyata. Dokar ƙwato dukiyar haram ta 2022 ta ba hukumomi damar neman kotu ta ƙwace kadara ko ba a samu kowa da laifi ba. Naɗin hadimi yana ƙarewa ranar da maigida ya sauka, alhali jadawalin biyan kuɗin gidan kan ci gaba shekaru bayan an miƙa makulli.