Ra'ayinmu: Dogo da Waya

Lokacin da Gwamna Girouard, wanda shi kansa hafsan soja ne kuma injiniya, ya sa aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, ba ƙarfe kaɗai aka ja ba. Duk inda dogo ya nufa, wayar tangaraho tana biye da shi, har jirgi ya shiga Kano a 1911. Talakawan da aka tilasta wa aikin ba a ko tunawa da sunayensu, amma albarkacin guminsu ne mai tasha a tsakiyar daji yake sanar da na gaba cewa jirgi ya taso.

To, yau fa? Mutumin Tungan Maje in ya shiga jirgin Kaduna a Kubwa, sai ya ratsa dajin nan da aka tare jirgi ran 28 ga Maris, 2022, aka kashe na kashewa, aka sace na sacewa. Shawagin sojan sama bai wadatar ba, domin jiragensu ba sa kwana a sama. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta haɗa injiniyoyin soja da Hukumar Jiragen Ƙasa, su tabbatar da sadarwa mara yankewa daga Idu har Rigasa, yadda direba zai iya neman agaji ko'ina ya tsaya.